DARASIN WANNAN WATA: A KOYA WA KOWANE YARO RUBUTU DAIDAI DA ƘARFINSA

Darasinmu na wannan wata a kan rubutu ne, musamman rubutun yaranmu na firamare. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa, domin maganar ta shafi kowane gida.

ABIN DA YA JAWO WANNAN DARASI

Wata rana da kaka, a wani ƙauye na ƙasar Bakori, ina zaune a ƙofar gidan wani manomi ana awon masara. Sai ya kira ɗansa ɗan aji huɗu, ya miƙa masa biro da takarda. Ya ce ya rubuta sunayen mutum uku da suka karɓi bashin hatsi, da abin da kowa ya karɓa. Yaro ya riƙe biro, ya yi tsuru. Lambobi dai ya iya, amma ko suna ɗaya bai rubutu ba.

Ran uba ya ɓaci. Ya ce a ɗauko masa littafin yaron na makaranta. Da aka buɗe, sai ga shafi bayan shafi cike da rubutu tsaf-tsaf, har da makin malam da jan biro. Uba ya rasa abin cewa. Yaro kuwa ya sunkuyar da kai yana hawaye.

To, ina matsalar take? Yaron nan kwafa ya iya, bai iya rubutu ba. Kwafa aikin ido ne da hannu: ka ga abu a allo, ka zana irinsa. Rubutu kuwa shi ne ka ji magana da kunnenka, ko ka ƙulla ta a zuciyarka, sannan ka mayar da ita baƙaƙe ba tare da ka kalli komai ba. Shekara huɗu ana ba yaron aiki iri ɗaya da na sauran 'yan ajinsu, ba wanda ya tsaya ya duba inda ya maƙale.

Yaron ba daƙiƙi ba ne. Aikin da ake ba shi ne bai dace da matakin da yake ba.

AJI ƊAYA, YARA IRI-IRI

Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, zuwa shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, yara sun ƙaru ƙwarai a makarantunmu. Wannan abin murna ne. Amma yaran da ke zaune a benci ɗaya ba a wuri ɗaya suke ba. Ga wasu dalilai:

1. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, daidai lokacin da masara ke isa girbi a wannan yanki namu. Bayan ta ga dawa, ga waken suya, ga cirar auduga. Wani yaron sai ya yi makonni bai leƙa aji ba. Idan ya dawo, an wuce shi.

2. Wani an sa shi makaranta yana da shekara shida, wani sai da ya kai tara ko goma.

3. Wata yarinya sai ta gama talla ko ɗiban ruwa take isowa, an riga an ci rabin darasi.

4. Wani yana da yaya a gida mai nuna masa. Wani kuwa shi ne na farko da ya taɓa riƙe fensir a gidansu.

5. Wani ya yi nisa a makarantar allo, hannunsa ya saba da alƙalami, amma daga dama yake fara rubutu kamar yadda ake yi da Larabci da ajami.

Idan malam ya cika allo da rubutu ya ce kowa ya kwafa, mai ƙarfi zai gama da wuri ya shiga surutu. Marar ƙarfi kuma zai yi ta zana abin da bai gane ba. Duka biyun an yi asararsu.

DABARAR BA BAƘUWA BA CE

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne daga ƙasashen Turawa. Ku leƙa makarantar allo ta unguwarku. Yara da yawa ne a gaban malam ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da karatunsa. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya shiga surori. Ƙarami malam ne ke rubuta masa. Wanda ya tasa shi ke rubuta wa kansa, ya kawo a duba. Ba a ce wa yaro ya wanke allonsa don shekarunsa sun kai, sai ya biya an ji ya iya. Manyan almajirai kuma suna taimakon ƙanana.

Wannan hikima ce za mu ara mu kai firamare.

A waje ma an gano amfaninta. A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da hanyar koyarwa daidai da matakin yaro, wadda ake kira TaRL a taƙaice. Ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa aji ko shekaru ba. Wasu masana uku da suka sami kyautar Nobel a 2019, wato Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, sun yi bincike a makarantun Indiya da Kenya. Binciken ya nuna yara sun fi koyo idan an koyar da su daidai da inda suke. A nan gida ma, a 2019 an fara gwada wannan hanya a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na Jihar Kano, ga 'yan aji 4 zuwa 6, ƙarƙashin shirin KaLMA. Su sun fi ba da ƙarfi ga karatu da lissafi. Mu yau za mu ga yadda za a yi da rubutu.

MATAKI NA FARKO: GWAJI

Likita ba ya ba da magani sai ya duba marar lafiya. Haka malam ma. Ka goge allo tas. Ka raba yara su ɗan yi nesa da juna. Ka gaya musu wannan ba jarrabawa ba ce, ba duka, ba maki. Sannan ka ba su ayyuka biyar, da baki kawai:

1. Kowa ya rubuta sunansa.
2. Shiftar baƙaƙe biyar: a, m, s, d, ƙ.
3. Shiftar kalmomi biyar: dawa, masara, ƙasa, tsaba, hanya.
4. Shiftar jimla ɗaya: Baba ya tafi kasuwa.
5. Kowa ya rubuta abin da ya yi jiya da yamma.

Ka lura, kalmomin nan biyar ba haka kawai aka zaɓe su ba. Dawa da masara masu sauƙi ne, baƙi da wasali suna bin juna. Ƙasa tana da baƙi mai lanƙwasa. Tsaba tana da tagwayen baƙaƙe. Hanya kuma tana da gaɓar da ta ƙare da baƙi. Inda yaro ya yi tuntuɓe, nan ne aikinka yake.

Ka karɓi takardun, ka zauna da su a natse, ka kasa su kashi huɗu.

MATAKI NA BIYU: RUKUNI HUƊU

Rukuni na 1, masu koyon baƙi. Su ne waɗanda ba su iya rubuta baƙaƙen da aka faɗa ba, ko riƙon fensir ma yana ba su wuya.

Rukuni na 2, masu koyon gaɓa. Sun san baƙaƙe, amma ba sa iya haɗa su su zama kalma. Yaron da muka ba da labarinsa a nan yake.

Rukuni na 3, masu koyon jimla. Suna rubuta kalma, amma jimla tana cakuɗe musu. Suna haɗe kalmomi, ba babban baƙi, ba aya.

Rukuni na 4, masu koyon insha'i. Suna rubuta jimla daidai. Abin da ya rage shi ne su jera tunaninsu ya zama labari ko wasiƙa.

Gargaɗi: kada ka kira rukuni da sunan "masu ƙoƙari" ko "daƙiƙai". Yaron da aka laƙaba wa mummunan suna yakan yarda da shi, ya daina ƙoƙari. Ka sa musu sunayen itatuwa: Kuka, Ɗorawa, Kaɗanya, Tsamiya. Kowace itaciya da amfaninta, ba wadda za a rena.

MATAKI NA UKU: MAGANA ƊAYA, AIKI HUƊU

Ba darasi huɗu za ka shirya ba. Darasi ɗaya ne, aikin ne ya bambanta. Mu ɗauka kana da minti 40, kuma maganar ranar ita ce girbin masara.

Minti 10 na farko, kowa tare. Ka shigo da masara guda a hannu. Ka tambaye su: Wa ya je gona jiya? Yaya ake karya masara? Wa ke ɓarewa? A ina ake zuba ta? Ka bar su su yi ta magana. Yaron da bai faɗi abu da bakinsa ba, da wuya ya rubuta shi da hannunsa.

Minti 25 na tsakiya, kowa a rukuninsa:

Rukuni na 1. Su fita inuwa, ko su zauna a gaban aji. Su zana baƙin m da yatsa a iska, sannan a rairayi, sannan su jera shi da ƙwayar masara ko tsakuwa. Daga nan sai fensir. Duk sanda suka zana, su faɗi sautinsa. A nuna musu inda ake farawa, da cewa boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Baƙi ɗaya ko biyu a rana sun isa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Rukuni na 2. Ka yanka kwali, ka rubuta gaɓoɓi uku: ma, sa, ra. Su yi ta juya su, su ga kalmomi nawa za su fitar. Za su sami masa, sama, rama, mara, sara, rasa, da masara. Duk kalmar da suka samu, su karanta ta, su kife kwalin, su rubuta ta da ka. Kife kwalin nan shi ne sirrin aikin, domin shi ke raba rubutu da kwafa.

Rukuni na 3. Ka ba su farkon jimla su ƙarasa: "Jiya a gona na ga..." ko "Inna ta dafa...". Kowa ya yi jimla uku. Su riƙa sa yatsa tsakanin kalma da kalma don a sami fili. Su fara da babban baƙi, su rufe da aya.

Rukuni na 4. Su rubuta wa ɗan'uwansu da ke Kaduna ko Legas wasiƙa mai jimla biyar ko shida, su ba shi labarin amfanin gonar bana. Kafin su fara, su amsa tambaya uku da baki: Wa nake rubuta wa? Me nake so ya sani? Da me zan fara? Wata rana kuma a sa su tsara lissafin buhunan da aka sayar a kasuwar Bakori ko ta Funtua: suna, yawa, da kuɗi.

Minti 5 na ƙarshe, a sake haɗuwa. Yaro ɗaya daga kowane rukuni ya nuna abin da ya yi. A tafa wa mai baƙin m kamar yadda aka tafa wa mai wasiƙa.

Kai malam, ina za ka tsaya? Kada ka yi ta zagaye ba ka zauna ko'ina ba. Ka zaɓi rukuni ɗaya ka zauna da su yau, gobe wani. Amma rukuni na 1 da na 2 su ne suka fi bukatarka, saboda haka a mako ka fi ba su kwanaki.

YADDA AKE GYARA

Shafin da aka cika da jan biro ba ya koyar da komai sai tsoro. Ka gyara kuskure iri ɗaya a lokaci guda, wanda ya dace da matakin yaron. Ga kurakuran da aka fi samu:

1. Juya b da d. Wannan ya zama ruwan dare ga masu fara koyo. Kada a koyar da su rana ɗaya. A bari ɗaya ya zauna sosai kafin a kawo ɗayan.

2. Barin lanƙwasa. Baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ sun shigo rubutun Hausa ne a shekarun 1930. Kafin nan ɗigo ko wata alama ake sa wa. Ba ado ba ne, ma'ana suke rabawa. Ka nuna wa yara bambancin kura da ƙura, fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, daka da ɗaka. Ka tambaye su: idan ka rubuta "kura ta shiga ɗaki", me mai karatu zai yi? Za su yi dariya, kuma ba za su manta ba.

3. Haɗe kalmomi. A rubuta "ya zo", ba "yazo" ba. A rubuta "za mu je", ba "zamuje" ba. Amma "gidansa" da "gonarmu" a haɗe suke.

4. Karin harshe. A wasu sassan ƙasar Katsina ana cewa "tahi", littafi kuma yana rubuta "tafi". Kada a ce wa yaro maganar gidansu ba daidai ba ce. A ce masa kawai: ga yadda ake rubuta ta a littafi, domin mutumin Kano da na Zariya da na Maraɗi duk su karanta abu guda.

Yaron da ke farawa daga dama kuma kada a yi masa tsawa. Ilimi gare shi. A sa masa ɗan ɗigo a gefen hagu na shafi, a ce nan ne ƙofar shiga. Irin waɗannan yara sukan yi saurin kamawa, domin sun riga sun san cewa baƙi da wasali ne ke haɗuwa su ba da sauti.

Bahago a bar shi da hagunsa. A zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Wanda kuma ka ga yana runtse ido idan ya kalli allo, ko sai an maimaita masa magana, ka dawo da shi gaba, ka shaida wa iyayensa su kai shi asibiti a duba.

RUKUNI BA KURKUKU BA NE

Kowane ƙarshen wata ka sake gwajin nan, da sababbin kalmomi. Wanda ya ci, a ɗaga shi gaba nan take. Ka buɗe shafi a bayan rajistarka: sunan yaro, wata, da rukuninsa. Idan wata uku suka wuce yaro bai motsa ba, to akwai abin dubawa. Ko ba ya zuwa, ko yunwa, ko ciwo, ko kuma hanyar koyarwar ce ke bukatar canji.

Wanda ya dawo daga aikin gona bayan makonni, kada bulala ta tarbe shi. A gwada shi, a sa shi inda ya dace.

UZURORIN DA AKA SABA JI

"Yarana sun yi yawa." Gaskiya ne, akwai cunkoso. Amma yawan ne ma ya sa rabawa ta zama dole. Ka zaɓi mataimaki a kowane rukuni, kamar yadda malamin allo ke yi. Sharaɗi uku: kada ya riƙe bulala, kada ya rubuta wa kowa, kuma a riƙa canza shi don shi ma ya yi nasa aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

"Babu kayan aiki." Rairayi ba na saye ba ne. Ga gawayi, ga laka, ga murfin kwalba, ga kwalin da masu shago ke zubarwa. Kwamitin iyaye da malamai zai iya tara waɗannan cikin mako guda.

"Manhaja tana jirana." Ba mu ce a yar da manhaja ba. A keɓe darasin rubutu kawai a yi haka. Ka tuna, yaron da bai iya rubuta "masara" ba, ko an gama manhaja da shi, littafi ne ya gama, ba shi ba. Ka yi shawara da hedimasta, ka nuna masa takardun gwajin. Su za su yi maka bayani.

RABON IYAYE

Iyaye, ko ba ku yi nisa a karatu ba, akwai abin da za ku yi:

1. Kada cikar littafi ta ruɗe ku. Ku rufe littafin, ku ce yaro ya rubuta sunansa, da sunan garinku, da abinci uku.

2. Idan ya kasa, kada a doke shi, kada a yi masa gori da ɗan wane. Ku je ku ga malaminsa cikin mutunci.

3. Ku ba shi aikin rubutu na gaske: jerin cefane, suna a jikin buhu, ranar da aka yi shuka, ranar da aka sa taki, sunan wanda ake bi bashi.

4. Uwa mai zuwa ajin yaƙi da jahilci ta zauna da ɗanta bayan sallar magariba, kowa da takardarsa. Ita ta yi masa shifta, shi ma ya yi mata.

Malaman ajin manya, wannan darasi naku ne ku ma. A ajinku akwai wanda ya taɓa yin firamare ya bari, akwai mai ajami, akwai wanda yau ya fara. Gwajin nan guda zai raba muku su.

Shi kuwa yaron da muka fara da labarinsa, abin da yake bukata bai fi kwali uku da malami mai haƙuri ba. Irinsa suna nan a kowane aji, daga Tsiga zuwa Kabomo, daga Guga zuwa Kurami. Idan an kyale su, za su gama aji shida da tarin littattafai, amma sai sun nemi mai rubuta musu suna a asibiti ko a banki. Idan an tsaya musu yanzu, badi da kaka su za su riƙe wa iyayensu lissafi.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin kwafa da rubutu?
2. Kawo dalilai uku da ke sa 'yan aji ɗaya su bambanta a rubutu.
3. Wane darasi muka ara daga makarantar allo?
4. Me ya sa ake kife kwali kafin yaro ya rubuta kalma?
5. Rubuta jimla ɗaya da "kura", ɗaya kuma da "ƙura".

AIKIN WATA

Malamai: ku yi gwajin nan a ajinku cikin wannan mako, ku ƙirga yara nawa ne a kowane rukuni, ku adana takardun. Bayan wata guda ku sake, ku kwatanta.

Iyaye da ɗalibai: ku fitar da kalmomi biyar daga waɗannan gaɓoɓi: ka, ra, ta, ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba malamansu haƙuri da lada. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.